Gwajin Mazari

Ni fa ban ce gwajin hauka ba. Abin da na faɗa wa Inna, mahaifiyata, shi ne makaranta ta tura 'yata cibiyar bincike a auna yadda take mai da hankali. Amma kunnen Inna kalma ɗaya ya cafke.

"Hankali? Jikar tawa za a auna wa hankali? To uban wa ya ɗauka da za ta mayar?"

Yarinyar shekararta tara, muna ce mata Mazari don ba ta minti guda a zaune. Shugabar makaranta ta ce in takardar cibiya ta nuna tana da matsalar mai da hankali, za a ba ta kujerar gaba da ƙarin lokaci a jarrabawa. In babu takarda, a sake maimaita mata aji, karo na biyu. Na yi wa Inna bayanin nan har bakina ya bushe, ta ce ta ji. Ashe ji ne na kunne kawai.

Ranar gwaji ta riga mu shiga mota. Mai binciken, wata doguwa mai tabarau, ta zaunar da Mazari gaban kwamfuta ta ce, "In tauraro ya fito ki danna nan, in wani abu ne ki ƙyale." Inna ta ja kujera baya ta harɗe hannu.

Jama'a, minti ashirin yarinyar nan ko ƙifta ido! Ni da na haife ta sai da na leƙa fuskarta in tabbatar ita ce. Mai binciken ta duba sakamako ta ce da ƙyar ta kuskure uku.

Inna ta rangaɗa guɗa a ofishin mutane. Ni kuwa na juya gare ta.

"Inna, kin san me kika yi wa murna? Ta ci, ba takarda ke nan. Aji za ta maimaita!"

"Au, wai faɗuwa ake so? Wace irin jarrabawa ce wannan, ta 'yan wahala?"

Mai binciken kuwa hannun hagun Mazari take kallo a ƙarƙashin tebur. Ta tambaye ta a hankali me take yi da shi. Yarinya ta ɗage siket kaɗan. Cinyarta duk shatin farce, ta yi jawur.

"Kaka ce ta ce in na ji hankalina zai tafi in mintsini kaina ya dawo. Don kar a rubuta ni mahaukaciya."

Wallahi sai da hawaye ya zo min. Inna ta tashi ta kama hannun nan ta ɗora a kan tebur.

"'Yar nan, goge wancan, nawa ne ba nata ba. Ke kuma Mazari, saki jikinki, nuna musu halinki."

Aka sake. Minti huɗu Mazari ta tambayi kuɗin tabarau, ta ƙirga fikafikan fanka, ta danna wa jirgi da kifi, taurari kuwa suna ta wucewa abinsu. Mai binciken ta ce saura gwaje-gwaje biyu da tambayoyin malamai kafin ta rubuta komai, amma yanzu ta ga yarinyar da aka turo mata.

Inna ta share ido da bakin mayafi ta dube ni.

"Kin gani ko? Ko faɗuwar ma ba wanda ya kai jikata iyawa."