Tarin Maman Lele

"Umma, me ya sa ba ki yi tarin ba?"

Lele ce ta tambaya, tana tsaye gaban allo da katin kalma a hannu, aji cike da iyaye. Ranar ziyarar iyaye ce. Malama ta ja layi uku a allo, na suna, na aikatau, na sifa, tana miƙa wa kowane yaro kalmar Turanci ya liƙa inda ta dace. Lele ta kai katinta layin farko, ta waiwayo. Ta kai na biyu, ta sake waiwayowa.

Maman Lele ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ta san tarin da ake nufi. Tun ranar da yarinyar ta dawo tana shessheƙa saboda jan biron Malama ya cinye mata shafi, ta ƙudura ba za a sake sa mata 'ya kuka ba. Kullum da yamma tana kan keken ɗinki, Lele na kan tabarma tana raba katuna kashi uku. Hannu ya nufi inda ba daidai ba, sai ta ɗan yi tari, yarinya ta canza. Maki ya hau, kuka ya tsaya.

"Wane tari, Lele?" in ji Malama.

"Wanda take yi in na yi kuskure."

Wani uba a baya ya ce, "Kai, a taimaka wa baiwar Allah da mura mana!" Aji ya kwashe da dariya. Lele ta dubi masu dariyar, leɓenta ya fara rawa.

Maman Lele ta miƙe. "Malama, ba laifinta ba ne. Fuskata na koya mata, ban koya mata kalmomin ba."

Da yamma ta juya keken ya fuskanci bango. Lele ta raba katuna, rabi ba daidai ba, ta yi kukan da aka daɗe ana gudu. Uwar ta cije leɓe tana taka keke, sai da aka gama ta sauko tabarmar suka bi katunan ɗaya bayan ɗaya.

Ke mai karanta wannan, in kina zama da yaro kan aikin makaranta, ki lura da inda idonsa yake. In a fuskarki yake, tashi ki ba shi wuri, don ranar jarrabawa ba za a bar ki ki shiga ba.