Littattafan Ruwan Malam Modibbo

Hamida ta sauko daga motar Dutse a tashar Ringim, waya a kunne, jakar kwamfuta na rinjayar kafaɗarta.

"Ki sa hannu a madadinsa kawai," in ji Farfesa Misbahu, shugaban sashensu a jami'a. "Wa zai taso daga Turai don ya duba sa hannun wani tsoho? Kuma ki tuna, a jawabin godiya da sashe ake farawa."

"To, ranka ya daɗe," ta ce. Ta kashe wayar, ta tsayar da ɗan acaɓa.

Shekara arba'in da uku ke nan kakanta, Malam Modibbo, yana rubuta duk ruwan da ya sauka a ƙauyensu. Da an ɗauke sai ya fita da fartanya ya tona ƙasa, ya auna zurfin laima da taƙi da yatsu, ya rubuta da ajami. Hamida ta kwashe waɗannan alƙaluma ta haɗa da na abokan aikinta a Nijar da Senegal da Holan, aikin ya ci lambar yabo ta matasan masu bincike. Sai dai ƙungiyar da ke ba da lambar tana da sharaɗi. Duk abin da aka dogara da shi sai an sa a intanet kowa ya gani kyauta, har hotunan shafukan, kuma sai mai littattafan ya amince a rubuce kafin ƙarfe huɗu na yau.

Matsalar ita ce Malam ba ruwa kaɗai yake rubutawa ba.

Ta same shi a zaure ya gama karatun safe da manyan ɗalibai, yana shan fura.

"A'a, amarya! Yau kin tuna kina da miji?"

"Wane miji, ba haƙori ko ɗaya?" Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta zayyana masa abin da ya kawo ta.

"Lambar matasa," ya maimaita. "Shekarata tamanin da ɗaya."

"Ni ce matashiyar, Malam. Amma sunanka na nan, kai ne na biyu."

"Na biyu? Ke da ko ana ruwan kina barci?"

Ta jawo akwatin ƙarfe daga bayan buzunsa, ta zaro littafi guda ta buɗe.

"Saurara ka ji abin da duniya za ta karanta. 'Talata, laima taƙi ɗaya. Akuyar Jaji ta cinye mini wake. Jaji ya rantse ba tasa ba ce. Ƙarya yake.'" Ta juya shafi. "'Liman ya ja sallar roƙon ruwa. Sati uku ba ko ɗigo. Na faɗa musu tun farko.'"

Malam ya yi dariya har ya ƙware. "To wa zai iya karanta ajamina a can?"

"Dakta Adama, abokiyar aikina ta Nijar, ta karanta shafi biyu na gwaji. Ta ce a gaida Jaji."

"Wa ke gaishe ni?"

Jaji ne, maƙwabcin Malam tun suna samari, ya shigo da sandarsa da rediyonsa. Malam kuwa da kansa ya karɓi littafin ya karanta masa, har da maimaita ƙarshen.

Jaji ya zauna a hankali. "Har Turai za a ga sunana?"

"Har ƙasar Sin, Baba Jaji."

"To a gyara, a sa Alhaji. Lokacin ban je ba, amma yanzu na je." Ya ajiye rediyon. "Akuyar tawa ce. Waken ne ba wani wake ba."

Hamida ta fito da 'yan yankakkun takardu. Ta ce an yarda a rufe duk abin da ya shafi sirrin mutum kafin a ɗauki hoto, Malam ya nuna kawai. Bayan azahar suka fara. Maganar liman ya ce a bari, ai ya rasu, kuma shi liman ɗin ya san halin Malam. Inda ya kira mai gari rago ya ce a bari. Inda ya rubuta cewa malamin gona ya zo da takalmi mai sheƙi ya ƙi shiga gona, ya ce ta matso da wayar sosai. Farfesa ya kira sau uku ba ta ɗauka ba. Ƙarfe uku ta wuce, takardun na nan a hannunta ko ɗaya ba ta yi amfani da ita ba.

A littafi na goma sha bakwai Malam ya tsaya. Bai karanta a fili ba. Hamida ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Alhamis. An kai Maijidda makwancinta. Ruwa ya sauka da la'asar. Ban fita na auna ba."

Maijidda kakarta ce, ta rasu Hamida na goye. Ta san ranar sarai, don a jadawalinta gurbi ne wanda ba komai a ciki. Da take kwafar alƙaluma lambobi kawai idonta ke nema, bai taɓa sauka kan sauran layin ba.

Malam ya miƙo hannu, ta ba shi takarda guda. Ya ɗora a kan layin ya danne da babban yatsa.

"Wace rana ce?" in ji Jaji.

Jaji ya dubi fuskar abokinsa, ya gane.

"Taƙi ɗaya da yatsa biyu," ya ce. "Da muka dawo daga maƙabarta na ga ba ka fito ba, na shiga gonarka na tona. Na yi ta jira ka tambaye ni."

Daga waje wata mota ta wuce tana tallar maganin basir da lasifika.

Malam ya jawo tawada da alƙalaminsa na kara. Ya ɗauke takardar, ya rubuta awon a ƙarƙashin layin, ya hura har ya bushe. Sannan ya karɓi takardar amincewar ya sa hannu da ajami, ya tura mata littafin a buɗe.

"Ɗauki hoton," ya ce. "Ki riƙe wayar da kyau."