Washar Jan Ƙarfe

Shekara arba'in da ɗoriya na yi a ƙarƙashin motoci. Jak ya taɓa sulluɓewa bas ta zauna mini a ƙirji, aka jawo ni ana salati, bayan wata biyu na koma na ƙarasa aikin. Ban taɓa zama a aji ba, amma inji ya yi tari sau ɗaya na san ciwonsa. Da hannuna ya fara rawa ne yara suka ce in zauna a gida.

Ranar Lahadi da hantsi sai ga autata da 'yar motarta, fuska ba walwala. Da motar nan take kai yaran mutane makaranta ta ɗauko su, da ita take riƙe gidanta. Ta ce shugabar makarantar ta kira ta ofis, wai baƙin mai na ɗiga a farfajiya, har wata yarinya ta zame ta fasa gwiwa. In aka sake ganin ɗigo ɗaya gobe, wani za a ba aikin.

Na tambaye ta wa ya taɓa motar. Ta sunkuyar da kai ta ce mijinta. Tela ne, mutumin kirki, amma shi a ganinsa duk abin da ke yoyo ƙara ɗaure shi ake yi. Kullum da safe sai ya shiga ƙarƙashin motar da sifana ya ƙara murɗa notin da ake juye mai ta wurinsa.

Na shimfiɗa buhu na kwanta, tsohuwata, uwar yaran, na bakin ƙofa tana sanar da ni cewa in na kasa tashi ita ba ruwanta. Na kwance notin, muka tsiyaye man a roba mai tsabta. Allah ya rufa asiri, haƙoransa ba su cinye ba. Washar ce, ɗan zoben jan ƙarfen da ke toshe bakin ramin, ta sha matsa har ta taurare. Ga shagunan kayan mota a rufe.

Na sa tsohuwar ta sauke tukunyarta tana mita. Na kama washar da filaya, na gasa ta a wuta sai da ta yi ja, na tsoma a ruwa, na goge ta da samfefa. Haka jan ƙarfe yake, in ya sha wuta laushinsa dawowa yake.

Wajen mayarwa ne hannun ya ba ni kunya. Sau uku notin na faɗo mini a fuska.

"Baba, matsa," in ji Auta.

Ta ɗaure mayafi a ƙugu ta kwanta kusa da ni. Na ce ta fara da yatsu har ya tsaya da kansa, sannan sifana, kaɗan kawai.

"Ya isa."

"Baba, da saura fa. Zai ƙara tafiya."

"Na sani. Abin da mijinki yake ji ke nan kullum. Cire hannunki."

Muka mayar da man, ta tada inji ya yi zafi, muka sa farar takarda a ƙasa muka zauna muna kallonta. Har la'asar fes take.

Washegari ta bugo waya tana dariya. Wai a tsakiyar farfajiya ta tsaya, shugabar da kanta ta durƙusa ta leƙa, ta miƙe ta kaɗe siket ta ce sai an tashi. Na ce ta sayi sabuwar washa kafin juyen mai na gaba. Ta ce ta ji, amma in shirya, ranar Asabar birki zan koya mata.