Kujerun Matar Mai Shago

Yayata tela ce wadda ba ta da keke. Shekara shida ke nan tun rasuwar mijinta tana ɗinki a keken wani tela na bakin titi, sai ya tashi cin abinci sannan ta hau. Da haka take ciyar da 'ya'ya uku. Shi ya sa da aka ce wata ƙungiya za ta raba kekunan ɗinki ashirin ga matan da suka fi kowa talauci a unguwarmu, na ce kakar Yaya ta yanke saƙa.

Ni shara nake yi a asibiti, na ga irin mutanen nan har na gaji. Na zaunar da ita na yi mata dalla-dalla. Ba ruwansu da wa ya iya ɗinki. Ɗakinki za su shiga da 'yar na'ura a hannu, su ƙirga abin da ido ya gani. Kujera maki ce, fanka maki ce, wanda makinsa ya yi yawa an soke shi. Na ce ta bar ɗakin yadda yake, da ɓulalliyar tabarmarta da katifar da ta lotsa. Ta ce to. Yaya dama komai "to" ne.

Ashe maƙwabciyarta, matar mai shago, ita ma ta san dawan garin. Ranar da za a zo, ina wurin aiki, ta kwaso kujerunta uku da fanka da talabijin ta kai ɗakin Yaya, wai ajiya zuwa yamma. Ita kuwa baiwar Allah murna ta yi. Baƙi za su zo daga nesa, ga shi asirinta ya rufu. Ta share, ta goge, ta jera kujerun, har da sayo lemo da kuɗin sabulu.

Ma'aikaciyar ƙungiyar ta zo, ta zauna a kujera, ta sha lemo, ta sha iska, ta daddanna na'urarta. Ba ta tambayi kayan na wa ba ne, Yaya kuma ba ta faɗa ba, don a ganinta tona asirin maƙwabciya ne. Daga nan ta shiga wurin matar mai shago, ta same ta zaune a kan siminti, ɗaki wayam. Sunan matar mai shago ya fito, na Yaya bai fito ba.

Sau uku ina zuwa ofishinsu. A na uku wani jami'i ya ce tsarinsu ba ya son kai, na'ura ce ke fitar da sunaye. Na ce ya taso ya ga ɗakin yanzu. Ya ce an rufe wannan zagaye, rahoto ya riga ya tafi wurin masu ba da kuɗi. Ya miƙo mini takarda mai hoton mata suna dariya. Wallahi don takaici ban san lokacin da na kai titi ba.

Keken yana nan a ɗakin matar mai shago, lulluɓe da zane, an ɗora masa kwanuka. Yaya ta nemi aro, aka ce doka ta hana. Amma ranar da masu ɗaukar hoto suka zo, Yaya aka kira ta saka zare a allura, kuma ta je.

Bana suka dawo zagaye na biyu. Na ɗauki hutu musamman, na isa da hantsi. Sai ga Yaya ta fito daga maƙwabta da kujerar roba a ka.

"Yaya, ina za ki da wannan?"

"Guda ɗaya ce fa."

"Ɗayar ma maki ce. Keke kike so ko kujera?"

Ta sauke ta a hankali. "Keke nake so. Amma baƙuwa ta shigo ɗakina ta zauna a ƙasa? Ba haka aka raine mu ba, ke ma kin sani."

Na sani. Amma motarsu ta riga ta tsaya a bakin layi. Na fizge kujerar na wurga ta bayan ɗaki, na zubar da lemon da ta ɓoye a randa. Ma'aikaciyar ta shigo, ta dudduba, ta tattare zanenta ta zauna a ɓulalliyar tabarma. Yaya ba ta ɗago kai ba har aka gama.

Sunaye ba su fito ba tukuna. Yau kwana goma sha biyu ke nan ba ta amsa gaisuwata ba.