Karkarwar Kwaɗo

Kamara ba ta ƙarya, zane kuma ba ya tsufa, saboda haka duk wanda ya haɗa su a fim ɗaya ya haɗa gaskiya da dawwama, ya kuma cancanci a riƙa tunawa da shi. Wannan ita ce aƙidar Darakta. Ya zo da ita daga wani gajeren kwas da ya yi a ƙasar waje, tare da wata hula da ba ya cirewa ko a ɗakin da babu fanka. Ranar da aka fara aiki ya faɗa wa 'yan jarida, su kuma suka rubuta, domin an ba su lemo mai sanyi.

Fim ɗin labarin wani alƙali ne da wani kwaɗo da ake tuhuma da hana unguwa barci. Kwaɗon zane ne, tsayinsa kamar na ɗan firamare, sanye da kwat da ta yi masa yawa. Mai zana shi ana ce masa Fensir, mutum mai digiri a fannin zane, wanda ya yi shekaru yana rubuta allunan shagunan aski kafin kawunsa ya kama hannunsa ya kawo shi nan. Kawun nan shi ne alƙalin. Ya daɗe yana fitowa a alƙali a talabijin har sunansa na gaskiya ya ɓace, direbobin tasi kan kawo masa ƙarar surukansu a tsakiyar titi. Amma a 'yan shekarun nan wayarsa ta koyi shiru. Wannan fim ne kiran farko da ya samu bayan dogon zama, an kuma ce idan ya karɓu za a mayar da shi shiri mai dogon zango, da alƙalinsa da kwaɗonsa.

Mutum ake fara ɗauka shi kaɗai. Kawu zai zauna a kujerar shari'a ya yi ta yi wa ƙwallon tanis faɗa, ƙwallon a soke a kan sanda daidai inda idon kwaɗo zai kasance. Ya ce ya yi aiki da 'yan wasa da yawa, kuma ƙwallon ya fi rabinsu sauraro. Daga nan sai a warware fim ɗin hoto-hoto, a buga kowanne a takarda, a kai wa Fensir ɗakinsa na ƙarshen baranda, wanda a da tsintsiya da bokiti ke kwana a ciki. Teburinsa na gilashi ne, da fitila a ƙarƙashi. Ya ɗora hoto, ya ɗora farar takarda a kai, ya soke su a ƙusoshi don kada su goce, ya zana kwaɗo a gurbin da aka bar masa. Ya cire, ya ɗora na gaba. Abin da mai kallo zai haɗiye kafin ya ƙifta ido, Fensir wuni yake yi a kansa.

A fitowa ta ƙarshe alƙali ya wanke kwaɗo daga laifi, ya sauko ya ba shi hannu. Darakta ya hana a ba Kawu komai ya riƙe, ya ce ɗan wasa na gaske iska yake kamawa. Kawu ya kama iska. A allon kallo komai ya tafi daidai, kamara tana nesa, hannun rigar shari'a kuma mai faɗi ne. A kan gilashi ne abin ya fito. Fensir ya zana hannun kwaɗo a cikin na Kawu, ya ɗora hoto na gaba, sai ya ga babban yatsa ya matsa. A na gaba ya dawo. A na gaba ya sake matsawa. Ya zargi ƙusoshi, ya zargi injin bugawa, ya zargi mai kamara, wanda dama kowa shi yake zargi. Amma kujerar da ke baya ba ta motsa ba, ƙafar tebur ma haka. Hannun ne kawai ke kai da kawowa, kaɗan-kaɗan, kamar na mai barbaɗa gishiri.

Sai ya tuna Kawu ya daina shan shayi a gaban mutane. Ya tuna hannun daman nan da ba ya barin aljihu, wanda kowa ya ɗauka ƙasaita ce.

Matsalar ita ce layin fensir ba ya rawa. Idan ya zana hannun kwaɗo a tsaye cak, ya zama rula da aka kara a jikin karkataccen bango, kowa zai gani. A wannan sana'a kuwa ɗan wasa yana iya zama maƙaryaci, mai makara, mai zagin ma'aikata, duk a ce baiwa ce ke damunsa. Amma ranar da aka ce ba shi da lafiya, sai a fara yi masa addu'a, a daina kiransa.

Saboda haka Fensir ya sa wa kwaɗo karkarwa. Ya bi rawar hannun Kawu hoto bayan hoto, ya ɗauke ta ya haura da ita gwiwar hannun kwaɗo, ya kai ta kafaɗa, ya kai ta maƙogwaro. Gwiwoyi suna karo da juna, gumi yana tsalle daga goshi, maɓallin kwat yana neman tsinkewa. Duk wanda ya kalla zai rantse kwaɗon ne ke girgiza hannun alƙali. A ƙa'ida zane ɗaya yana isar hoto biyu, amma a nan kowane hoto sai da nasa, domin ciwo bai san ƙa'idar aiki ba. Ya yi makonni a kai, har aka fara cewa ɗan gidan Alƙali ya fiye nawa.

Da Darakta ya kalla ya yi dariya har hula ta nemi faɗuwa. Ya ce wannan shi ne ainihin abin da yake nufi tun farko, wato tsoron talaka a gaban hukuma ko bayan an wanke shi. Fensir ya ce haka ne, Oga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, amma wannan kurar ba ta so a tambaye ta dalilin bugun.

Fim ya karɓu. Yara a titi suka riƙa gaisawa suna karkarwa. Darakta ya shiga rediyo ya bayyana yadda ya koya wa dattijo girgiza hannu daidai da rawar kwaɗon da ba a ma zana ba tukuna, ya ce wannan ake kira ba da umarni.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin, bayan an watse, Kawu da Fensir suka tsaya jiran mota a bakin titi.

"Kwaɗon nan naka matsoraci ne," in ji Kawu.

"Haka aka halicce shi, Kawu."

"An sha wahala wajen halittar?"

"Kaɗan."

Kawu ya kalli motocin da ke wucewa a cike. "Uwarka ba ta iya riƙe magana ba. Tun muna yara haka take. Kada ta ji."

"Kwaɗo ba ya zuwa gidanmu," in ji Fensir.

Iyakar abin da suka ce ke nan a kai, motar ma ta iso.

Aka zo kashi na biyu. A kwas ɗin nan an koya wa Darakta cewa dole tauraron labari ya canja kafin ƙarshe, shi kuma ba ya zubar da abin da ya biya kuɗin jirgi ya koyo. Don haka kwaɗo zai yi zuciya. Za a rufe da hannu biyu kawai, kamara a kusa, na alƙali da na kwaɗo, riƙe da juna, cak kamar dutse, har mai kallo ya ji hawaye. Fensir ya ce kwaɗon da ba ya karkarwa ai kwaɗo ne kawai, akwai irinsa a kowace kwata. Darakta ya ce wannan shi ne bambancin mai zane da mai tunani. Fensir ya ce to ko a ɗauka daga nesa. Darakta ya tambaye shi yaushe aka ba shi kamara.

Fensir ya je gida ya sami Kawu don ya yi masa kashedi, ya tarar ya riga ya karanta labarin. Kawu ya ce likita ya ba shi wata ƙwaya da ke kwantar da abin da safe, in dai za a ɗauka kafin rana ta ɗaga zai iya. Fensir ya bi ta wajen mai tsara aiki ya sa aka mayar da fitowar ta farkon safiya. Ranar ɗaukar, janareta ya ƙi tashi. Da ya tashi, Darakta bai iso ba. Da ya iso, bai gamsu da launin labule ba. Sai da yamma ta yi aka kira Baba Alƙali, wanda ke zaune tun sassafe cikin rigar shari'a, hannu a ƙarƙashin cinya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka matso da kamara har tana neman shinshinar yatsu. Fensir ya laɓe a bayan wata fitila, inda ba aikinsa. Kawu ya miƙa hannu ya kama iska, a allo kuma hannun ya cika fuska, yana ta barbaɗa gishirinsa.

"Tsaya," in ji Darakta. "Baba, ka manta ne? Wannan karon ba ya jin tsoro. Ka daina yi masa karkarwar."

"To," in ji Kawu.

Aka sake. Darakta ya juya ga ma'aikata yana murmushi, ya ce su kalli ɗan wasa na gaske, wanda wasa ya shiga jikinsa har ya ƙi fita, su yaran yanzu su koya. Aka sake. Aka kuma sakewa. Murmushin ya fara gajiya. Darakta ya taso da kansa ya kama wuyan hannun don ya nuna yadda ake yi, yana cewa haka, Baba, cak. Sai ya ji abin yana bugawa a cikin tafinsa. Ya saki kamar wanda ya taɓa murfin tukunya. Nan take mai kamara ya gano gilashinsa yana bukatar gogewa, mai fitila kuma ya sami abin kallo a rufi.

"Ba ta kwaɗo ba ce, ɗana," in ji Kawu. "Tawa ce. Aro ya yi."

Darakta ya waiga yana neman Fensir a cikin fitilu. Da ya gan shi sai ya gyara hula. Hirar rediyon nan ce ta tsaya masa a wuya, ba hannun ba.

Washegari mai kamara ya kawo shawara a sa wa wani rigar a ɗauki hannunsa, tunda hannu ba shi da fuska, kuma ko'ina haka ake yi. Darakta ya ce shi ba zai yi wa masu kallo ƙarya da kamararsa ba. Ya shiga ofis ya yi tunani, ya fito da karramawa. Daga yanzu alƙali ma zane zai zama, shi da kwaɗo, sauran 'yan kotu kuma mutane na gaske, matasa. Baba ba zai ƙara wahalar zuwa ɗauka ba, ba zai ƙara zama ƙarƙashin zafin fitila ba. Murya kuwa za a duba, domin an lura ita ma ta ɗan yi laushi. Aka kira 'yan jarida, aka sayo lemo, suka rubuta cewa an dawwamar da gwarzo.

Fensir ya yi niyyar ajiye aikin. Ya kwana biyu da niyyar, har ya ji ana cewa akwai wani mai kwamfuta da zai iya haɗa alƙalin daga tsofaffin hotuna cikin mako guda, ya kuma riga ya gwada, ya ba shi hanci kamar murfin buta. Kawu ne ya kira shi a waya. Ya ce in dai dole a yi masa aski, gara mai askin gida, ko ba komai ya san inda ƙurji yake.

Kawu ya zo ɗakin tsintsiya da hantsi, rigar shari'arsa ta kansa a cikin leda, domin ta kamfani an riga an rage ta ga wani magatakarda. Ya sa ta, ya tsaya. Fensir ya zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya, yadda za a riƙa juya shi a kowane shiri ba tare da an sake nemansa ba. Kawu ya ce a rage tumbi, a ƙara gashi, tunda abin kyauta ne. Ya leƙa takarda ya ce wannan ya fi shi kama da alƙali, Allah ya sa ya fi shi adalci. Fensir ya yi dariya saboda an yi maganar don a yi dariya.

Saura shafi ɗaya. Kowane mutumin zane yana da shafin hannu, a buɗe, a dunƙule, yana nuni, yana riƙe da guduma. Fensir ya fere fensirin da ba ya bukatar fira, ya jera takardun da ke a jere.

"Saura hannu, Kawu."

Kawu ya ciro shi daga aljihu ya ɗora a kan gilashi. Hasken ƙasa ya fito da jijiyoyi, zobe ya fara ƙwanƙwasa gilashin a hankali kamar baƙo mai kunya. Fensir ya ɗora hagunsa a kan wuyan hannun ya danne, ya zana da damansa. Kyakkyawan hannu ya fito a takarda, mai ƙarfi, wanda za a iya nunawa a kusa har tsawon lokacin da Darakta yake so.

Da suka gama Kawu ya cire rigar ya rataye a bayan ƙofa, ya ce a riƙe saboda launi, kada a ba alƙali baƙin da ba nasa ba. Fensir ya miƙe zai raka shi tasha.

"Zauna. Kana da aiki, an ce ka fiye nawa."

Ya ɗauki ledar da ba komai a ciki, don ba ya barin shara a ɗakin mutane, ya fita. Fensir ya zauna yana jin ledar tana ƙaras-ƙaras a tsawon baranda, ta wuce ofishin Darakta, ta sauka matakala.