Kwanon Ɗakin Inna

Suwaiba ta fi shekara tana sayen kwanon rufi falle-falle. In ɗinki ya yi kyau a shagonta na bayan kasuwar Terminus a Jos, sai ta biya kasuwar katako ta ɗauki abin da ya sawwaƙa, mai keke ya ɗaure mata a sama, a kai gidansu na Laranto a jingine a zaure. Ɗakin mahaifiyarta, Inna Maimunatu, shi ke yoyo. Yoyon kuwa ba na wasa ba. Daminar bara daro da bokiti da tukunyar tuwo duk sun yi aikin tarar ruwa, tsohuwar kuma ta kwashi tarin da bai sake ta ba sai da kaka ta yi. Tun lokacin Suwaiba ta rantse ruwa ba zai ƙara samun uwarta a ƙarƙashin ruɓaɓɓen kwanon nan ba, wanda aka buga tun kakansu yana aikin kuza.

A gidan akwai namiji, in dai gemu da turare ne ke yin namiji. Musaddiq ke nan, autan Inna, mai sayar da wayoyi a bakin kasuwa. Mahaifinsu ya rasu ya bar masa fili a hanyar Zariya, gini har ya kai linta, rufi da ƙofofi kawai suka rage. Gogan naka ya sayar da shi, ya haɗa da kwasar adashi, ya je wajen Anayo dillalin motoci ya ɗauko Marsandi baƙa wul, 'yar Kwatano.

Masu tambayar inda samarin yanzu ke samun kuɗin irin waɗannan motoci, su zo Laranto su sha kallo, babu wani asiri a ciki. Kwana a shagon ƙofar gidan uwa, ba haya. Tuwo daga tukunyar uwa, ba cefane. Sai kuma a waiga a ga abin da uba ya bari a sa masa kuɗi. Mai kuwa kaɗan-kaɗan ake ɗura mata kamar ana ba majinyaci kunu, daidai wanda zai kai ta majalisa a jingina da ita a ɗauki hoto.

Ranar da ya kawo ta, Suwaiba ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, “To, Allah ya sa alheri. A ina za ka ajiye matar in ka yi aure, a but ɗin motar?”

“Yaya, ke ba za ki gane ba,” in ji shi, yana goge madubi da hannun riga. “Wa ya san gidan wani a garin nan? Gida ba ya bin mutum wurin biki. Mota ce ake gani.”

Inna ta ce, “Ƙyale shi, yaro ne.”

Yaro mai shekara talatin da ɗoriya. Suwaiba ta haɗiye maganarta don ta san hali. Ita ce 'yar fari, Inna ko sunanta ba ta kamawa saboda kunya, balle ta goyi bayanta a gaban auta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne har aka yi watanni Inna ba ta taɓa sa ƙafa a motar ba. Kullum sai an canza taya, sai an wanke ta, sai ranar Juma'a.

Da hadari ya fara leƙowa ta bayan duwatsu, kwano ya cika, Suwaiba ta kira Malam Jika kafinta. Aikin sauya rufi a Jos kowa ya san ƙa'idarsa: a yaye tsoho da sassafe, a rufe da sabo kafin la'asar, domin ruwan farko da yamma yake zuwa, kuma sau da yawa da ƙanƙara yake zuwa. Ta tsaya a kansu har aka yaye ɗakin Inna tas, aka tattara gado da katifa da akwatuna tsakiyar ɗaki. Kayan amarya na jiranta a shago, dole ta je ta miƙa. Ta bar wa Malam Jika ƙusoshi da katako, ta ce wa ƙanenta ya sa ido.

Ya kuwa sa.

Bayan azahar gari ya rine, iska ta fara kwasar ledoji a titi. Suwaiba ta rufe shago ta tari keke, tana ta yi wa kanta lissafin cewa yanzu dai an kusa gamawa. Tun daga bakin layi ta hango wani abu yana ƙyalli a ƙofar gidansu. Rumfa ce sabuwa dal, doguwa, an kafa mata ginshiƙai, Marsandi na kwance a ƙarƙashinta. Ba sai an gaya mata ba. Kowane falle da hannunta ta zaɓe shi, ga ma shuɗin fentin mai shagon a gefensa.

Ta ɗaga kai ta dubi ɗakin Inna. Katako ne tsirara, sama na kallon ƙasa.

Malam Jika yana saman tsani yana buga ƙusar ƙarshe. Da ya gan ta ya sauko yana sosa ƙeya.

“Hajiya, cewa ya yi kun yi magana a waya. Na leƙa na tambayi Inna, ta yi shiru, ni kuma na ɗauka shirun amincewa ne.”

Musaddiq ya fito daga shagonsa da tsumman goge mota a kafaɗa, ko a jikinsa.

“Yaya, kar ki ɗaga hankalinki, aro na yi. Anayo ne ya kira ni, ya ce bara ƙanƙara ta lotsa masa motoci a fili, ya ce kar in kuskura in bar ta a waje. Kin san kuɗin fentin motar nan kuwa? Gobe-goben nan zan sayo wani kwanon.”

“Da me? Da hoton?”

“Haba Yaya. Ruwan ma ba lallai ya sauka ba.”

Bai rufe baki ba ƙanƙara ta fara sauka. Ɗaya, biyu, sannan kamar an juye tirelar tsakuwa a kan unguwar. Rumfar ta ɗauki ƙara har ba a jin magana. Suwaiba ta yar da jaka ta ruga cikin gida, Malam Jika na biye da ita.

Ta tarar da Inna a tsakiyar ɗakin da ba rufi, ta duƙa a kan akwatin marigayi ta kare shi da bayanta, ƙanƙara na dukanta. Katifa ta riga ta sha. Ruwa ya biyo bayan ƙanƙarar, garin tuwo ya zama kunu a cikin buhu, hoton Makka na Baba yana yawo a ƙasa. Suka ja abin da ya jawu zuwa zaure, inda tsohon kwano ya tare rabin wuri. Suwaiba tana ja tana kuka, kukan takaici, ba ta ma damu a gani ba. Shekara guda ta ciwon baya a kan keken ɗinki, ga inda ta ƙare.

Musaddiq bai shigo ba. Yana can yana zagaya rumfa da fitilar waya, yana duba ko akwai inda ke ɗiga.

Da ruwan ya tsagaita, Inna ta miƙe a hankali. Zaninta ya manne mata, haƙoranta na haɗuwa, tarin nan na bara har ya fara gaisuwa. Ta ɗauki filonta da carbinta, ta bi ta zaure ta fita ƙofar gida ba takalmi. Suwaiba ta bi ta. Maƙwabta sun firfito suna share ƙanƙara daga ƙofofinsu, kowa ya ga ɗakin, kowa ya ga rumfar.

Inna ta tsaya a jikin ƙofar baya ta motar.

“Auta, buɗe.”

Musaddiq ya dubi ƙafafunta, taɓo har idon sawu. Ya dubi zanin da ke ɗiga.

“Inna, ki shiga ɗakina mana, akwai bargo.”

“Buɗe na ce.”

Ya danna makulli, motar ta yi ƙyafta da fitilu. Sai ya tare ƙofar da hannu.

“To tsaya kaɗan, Inna. Kujerun na fata ne, ba sa son ruwa. Bari in ɗauko leda in shimfiɗa.”

Da gudu ya je, da gudu ya dawo, rabon da a ga ya yi sauri haka tun yana makarantar allo. Duk wannan lokacin tsohuwar na tsaye tana rawar sanyi a gaban jama'a. Suwaiba ta ji kunya ta kama ta kamar ita ce ta faɗi maganar.

Inna ta karɓi ledar, ta ninke ta tsaf, ta miƙa wa Suwaiba. Sannan ta shiga da taɓonta da ruwanta, ta zauna, ta miƙe ƙafafu a kan kujerar, ta gyara filo a bayanta. Ta ɗaga kai ta ƙare wa rufin motar kallo, ta shafa shi.

“Ba ya yoyo,” ta ce. “Mu ga makullin.”

Ya miƙa mata, don bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ta ƙulle shi a bakin zani, ƙulli biyu.

“Wannan ai shi ne gidan da babanka ya bar maka. Ban taɓa zuwa ba, yau na zo. A nan zan zauna har a rufe nawa.”

“Inna, don Allah. Gobe ɗaurin auren abokina, ni zan ɗauki ango. Kowa ya sani.”

“Gida ba ya bin mutum wurin biki, Auta. A bakinka na ji.”

Wani daga cikin maƙwabta ya yi tari ya shige gida da sauri. Musaddiq ya juya wajen yayarsa yana neman ceto, ita kuwa ta tsaya tana duban ledar da ke hannunta. Malam Jika ya matso ya ce in za a cire kwanon daga rumfar, ramukan ƙusa sun riga sun ɓata shi, sai dai sabo.

“Ka ji, Auta,” in ji Inna. “Kasuwar katako ba ta tashi ba tukuna, kuma ba nisa a ƙafa.” Ta yi tari mai tsawo, ta share baki da gefen mayafi, sannan ta dubi 'yarta ba tare da ta kama suna ba. “Ke, sanyi nake ji. Ɗumamo mini tuwon jiya ki kawo nan.”

Suwaiba ta koma ciki ta hura gawayi. Miyar kuka ce, mai daddawa da man shanu, ta cika langa har baki.