Rabin Awar Rini

Kaka ba don kwalliya ta fara rina gashinta ba. Jikarta ce ta dawo daga makaranta wata rana tana kumbure-kumbure, wai 'yan ajinsu sun ce kowa uwarsa ke kawo shi, ita kuwa tsohuwa mai farin kai. Furfurar ma 'yar kaɗan ce ke leƙowa ta gaban ɗankwali, amma yara ba su san kara ba. Washegari Kaka ta rufe keken ɗinkinta, ta je kanti ta sayo kwalin rini tana sunne kai, kamar mai sayen kayan sata.

Daga nan abin ya zama nasu su biyu. Duk ƙarshen wata yarinyar, wadda Kaka ke kira Ƙawata, za ta shafa mata basilin a goshi da bayan kunne don kada rinin ya kama fata, sannan ta ja kujera ta tsare agogon falo. Rabin awa ne, ba ƙari, domin fatar kan Kaka ba ta son wasa, ana ɗarawa take fara zafi. Da haka yarinyar ta koyi karanta agogo. Sukan jira dogon hannu ya hau sha biyu a shafa, yana saukowa kan shida ta ruga tana shelar lokaci ya yi, sai ka ce gobara ta tashi.

Uwar yarinyar, 'yar Kaka, ma'aikaciyar jinya ce, har a gida Nas ake ce mata. Ta ajiye 'yar tana jaririya ta koma karatu, daga karatu sai aiki. Kaka ce ta yi goyo, ita ta kwana a zaune lokacin haƙori da lokacin ƙyanda. Yanzu da aka yi wa Nas da mijinta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, sai ta tuna tana da 'ya. An kai ruwa rana. Kaka ba ta ce ba za ta bayar ba, wa zai hana uwa 'yarta? Roƙo kawai ta yi a bar mata ita zuwa hutun ƙarshen shekara, su saba da zancen rabuwa a hankali. Nas ta sunkuyar da kai ta ce to. Kaka ta riƙe wannan amsa hannu bibbiyu.

Ranar wata Asabar da hantsi, tun hutun da saura, sai ga Nas da mijinta, ta shigo da fara'a da kwalin rini mai tsada a hannu. Ta ce ta ga furfura ta fara dawowa, yau ita za ta yi wa Mama da kanta. Kaka ta yi tsaki irin na wasa, ta ce yau kuma wace rana, amma daɗi ya cika ta har wuya. Rabon da 'yar nan ta taɓa mata kai har ta manta.

Nas ta ce falo akwai kafet, kada ya ɓaci, gara banɗakin baya. Can ta kai kujera. Ta cire wa Kaka tabarau ta ajiye a kan taga, ta sa safar hannu, ta kwaɓa rinin, ta dinga tsaga gashin tana shafawa da buroshi, hannunta ba nauyi, irin na wadda ta saba da ciwon mutane. Basilin kam ta manta da shi. Ƙawata ta tsaya a bakin ƙofa tana ba da umarni, har uwar ta ce af, ashe ba shamfu, maza ta bi babanta a mota su sayo.

Yarinyar ta yi turus, ta ce to wa zai duba agogo. Nas ta ɗaga wayarta ta ce ga agogo nan.

"Kaka, kar ki wanke sai na dawo," in ji yarinyar. "Ni zan ce lokaci ya yi."

Aka rufa wa Kaka leda a kai har kunne, aka ɗora tawul. Nas ta ce wannan rinin ba irin na kanti ba ne, ya fi daɗewa kafin ya kama, in aka yi gaggawar wankewa ja zai koma. Ta kunna mata rediyo, ta ce bari ta ɗora ruwa, ta ja ƙofa.

Kaka ba ta ganin agogo, amma kanta ya san rabin awa. Ƙaiƙayi ya fara, daga shi sai zafi a tsakar kai, kamar an ɗora mata murfin tukunya. Ta kira. Nas ta leƙo tana haki, ta ce saura kaɗan, Mama. Kaka ta ji kamar ana jan wani abu mai nauyi a tsakar gida, ta tambaya, aka ce maƙwabta ne. Ta kuma kira, amsar dai ɗaya. Ta cije, tana murza yatsun ƙafa a kan siminti. Ai 'yarta ce mai aikin asibiti, ta fi ta sani. Kuma Ƙawata ta ce a jira ta.

Daga baya Nas ta dawo ta jingina da bango, idonta a kan waya. Wayar ta yi 'yar ƙara sau ɗaya, ba irin ta agogo ba. Nas ta karanta, ta sauke ajiyar zuciya, ta ce lokaci ya yi. Ta buɗe jakarta ta fito da shamfu.

Kaka ta ga kwalbar dishi-dishi, amma ta gan ta. Ta sunkuya aka zuba mata ruwa, baƙi yana bin rariya, fatar kan tana raɗaɗi duk inda yatsa ya taɓa. Ana gamawa ta lalubi tabaranta, ta wuce ɗakin yarinyar, ruwa na ɗiga a wuyanta.

Katifa tsirara. Babu akwati, babu jakar makaranta, babu takalman da ke jere a bayan ƙofa. Rigar da Kaka ta yanka mata ba ta gama ɗinkawa ba ce kaɗai ta rage a kan kujera.

Nas ta tsaya a bayanta tana magana da sauri. Wai an samar wa yarinyar gurbi a makarantar can, Litinin za ta fara. Sun ɗora kayan yarinyar tana zaune a gaban mota da wasan waya, yanzu ita da babanta sun hau babban titi, ita za ta bi su a motar haya. Da ta faɗa, da kuka za a yi ta yi, yarinyar ta maƙale, a fasa.

"Minti nawa aka ce a bar shi?" Kaka ta tambaya.

Nas ta ce rabin awa.

Ba ɗaukar yarinyar ce ta fi ci wa Kaka rai ba, wannan ta san yana tafe. Zaman da ta yi ne, kai a cikin leda, tana ƙonewa tana sa wa 'yarta albarka a zuci. Da hannu mai laushi aka ɗaure ta, ita kuwa ta miƙa wuya tana murna.

Wayar Nas ta yi ƙara. Mijin ne, wai yarinyar ta tada hankali sai ta yi magana da kakarta. Nas ta miƙa wayar, idonta na roƙo.

"Kaka, Baba ya ɓata hanya, har yanzu ba mu ga kantin ba," in ji muryar, tana shirin kuka. "Na duba agogon hannunsa, dogon hannu ya wuce shida tuntuni. Kar ki jira ni, ki wanke, zai ƙona ki."

Kaka ta dubi madubin da ke jikin ƙofa. Gashi baƙi wuluk, baƙin da bai taɓa yi ba, da tabon rini shatata a goshi har kunne.

"Na wanke, Ƙawata."

"Ya yi kyau?"

"Ya yi."

"To kar ki ɗaura ɗankwali, ina zuwa in gani."

Kaka ta miƙa wa Nas wayarta ba tare da ta dube ta ba.

"Ke za ki ba ta amsa," ta ce. Ta ɗauki rigar da ke kan kujera, ta shiga ɗakinta ta tura ƙofa.